Kwana 5 da kwana 32: lissafin ɓarakar manhaja a masana'antun Garwa

A shekarar 2021 hukumar ANTIC, mai kula da tsaron na'urorin sadarwa a Kamaru, ta ce ta gano ɓaraka 27,052 a kwamfutocin ma'aikatun gwamnati da na kamfanoni. In ka raba da kwanakin shekara, ɓaraka 74 ke nan kowace wayewar gari, har Juma'a da Lahadi. A shekarar dai hukumar ta ƙiyasta asarar da masu kutse da 'yan damfarar intanet suka jawo wa ƙasar a kan sefa biliyan 12.2. Jaridu suka buga, aka karanta a rediyo, aka girgiza kai, aka wuce. Mai masana'anta a Garwa da ya ji waɗannan alƙaluma bai san abin da zai yi da su ranar Litinin da safe ba, kuma ba laifinsa ba ne. Suna tayar da hankali, amma ba sa nuna wa mutum ƙofar da zai fara kullewa.

Ɓaraka a nan kuskure ne da magina manhaja suka bari cikin aikinsu, wanda ke ba baƙo damar shiga ba tare da izini ba. In kamfanin da ya ƙera manhajar ya gano, sai ya fitar da gyara. Masu sana'ar faci suke ce masa, kamar dai na taya, kuma aikinsu ɗaya: yana nan a shagon mai faci, amma sai ka tsayar da motar ka kai ta kafin ya yi maka amfani.

Me ya haɗa Garwa da wannan zance? A nan hedikwatar Sodecoton take, kamfanin audugar da aka kafa a 1974, wanda gwamnati ke riƙe da mafi yawan hannun jarinsa. Yana da masana'antun gurzar auduga 9 a faɗin arewa, da na matse man angurya 2, ɗaya a Garwa ɗaya a Marwa, inda ake yin man Diamaor da ke kusan kowane madafi. Manoma kimanin 200,000 ne ke mu'amala da shi, audugar da ake saye kuma ta haura tan 300,000 a kakanni da dama na baya-bayan nan. Ga masaƙar Cicam, ga kamfanin lemo, ga ɗakin haɗa rigakafin dabbobi na Lanavet a Bokle, ga simintin Cimencam a Figil, ga madatsar Lagdo da ke ba su wuta. Irin waɗannan masana'antu a ko'ina cikin duniya da manhaja iri biyu suke tafiya. Akwai ta ofis, wadda ake kira ERP, mai riƙe da lissafin sito, albashi, bashin taki da iri, da rasidin kowace mota da ta hau sikeli. Akwai kuma ta filin aiki, 'yar kwamfutar da ke cikin akwatin ƙarfe a jikin bango tana ba inji umarni. Kanikawan Kamaru otomat suke ce mata. Ta farko in ta tsaya, ba a san wa ake bi ba, wa ke bi. Ta biyu in ta tsaya, inji ya tsaya.

Dubu 40, da kashi 6

A 2024 an yi rajistar sabbin ɓaraka kimanin 40,000 a kundin duniya na CVE, alhali a 2023 kusan 29,000 ne. Wato kusan 110 a rana. Babu sashen kwamfuta a duk ƙasar nan da zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, balle ma'aikata biyu ko uku da ke riƙe da masana'anta guda, suna gyaran firinta da safe, suna jan waya da yamma.

Sai dai adadin ya fi ƙarfinsa girma. Wani nazari da cibiyar Cyentia da ƙungiyar FIRST suka fitar a 2024 ya nuna cewa cikin duk ɓarakar da aka taɓa wallafawa, kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai aka ga ana amfani da su wajen kai hari. Hukumar CISA ta Amurka ma tana da nata gajeren jerin tun Nuwamba 2021, na waɗanda aka tabbatar ɓarayi na shiga ta cikinsu. Zuwa ƙarshen 2024 bai wuce 1,200 da 'yan kai ba. Kyauta ne, kowa na iya buɗewa. Wanda ya ɗauki jerin manhajojin gidansa ya gwama da wannan, aikin da ya yi kama da ƙirga yashin Binuwai zai dawo abin da za a gama kafin azahar. Sharaɗin dai a ce yana da jerin nasa, kuma a nan gizo ke saƙa: masana'antu da yawa sun san yawan buhunan da ke sito har na ƙarshe, amma ba su san yawan kwamfutocin da ke maƙale da layinsu ba.

Ana ba kowace ɓaraka maki daga 0 zuwa 10. Daga 9 zuwa sama ana kiranta mai tsanani. Manyan manhajojin masana'antu sun sha samun irin wannan maki. A Yulin 2021 kamfanin Rapid7 ya bayyana ɓaraka mai maki 10 a Sage X3, kuma duk akawun da ya yi aiki a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ya san sunan Sage. A Afrilun 2025 SAP NetWeaver ta samu tata mai maki 10, aka kuma tarar ɓarayi sun riga facin da makonni. DELMIA Apriso ta kamfanin Dassault na Faransa, wadda aikinta shi ne bin diddigin kaya a kan layin sarrafawa, ta samu mai maki 9. An fitar da facinta a Yunin 2025, zuwa Satumba CISA ta saka ta a jerin waɗanda ake kai hari da su. A Oktoba kuma sai ga Oracle E-Business Suite da 9.8, gungun masu kutse na Clop na aika wa shugabannin kamfanoni wasiƙun neman kuɗin fansa.

Makin nan yana auna munin abin da zai faru in ɓarawo ya iso wurin. Bai san ko zai iya isowa ba. Kwaɗon da ya lalace a ƙofar ɗakin da ke can ƙuryar gida, bayan zaure da shigifa da tsakar gida, da kwaɗon da ya lalace a ƙofar shago a bakin babbar kasuwa, lalacewarsu ɗaya, haɗarinsu ya sha bamban. Mai maki 7 da ke fuskantar intanet kai tsaye ta fi cancantar a kwana a kanta da mai maki 10 da ke cikin na'urar da ba ta haɗe da komai.

Tseren kwanaki

Alƙaluman da na fi ba muhimmanci su ne na kwanaki. Kamfanin Mandiant yana auna tazarar da ke tsakanin bayyanar ɓaraka da fara kai hari da ita. A 2018 zuwa 2019 matsakaicin kwana 63 ne. A 2021 zuwa 2022 ya sauko 32. A 2023 ya zama kwana 5. A ɗaya ɓangaren, rahoton Verizon na 2025, wanda ya duba kutse sama da 12,000 da aka tabbatar, ya ce kamfanoni na ɗaukar kwana 32 kafin su yi wa na'urorin bakin ƙofarsu faci, wato masu haɗa su da intanet, kuma kashi 54 cikin 100 ne kawai na irin waɗannan ɓaraka aka toshe gaba ɗaya a cikin shekarar. Ɓarawo na buƙatar kwana 5, mai gida na buƙatar 32. Kwana 27 da ke tsakani ƙofa a buɗe take, kuma kowa ya sani, tunda sanarwar facin ita ce ke nuna wa ɓarawo inda ramin yake. SAP da kamfanin Onapsis sun ce a 2021 sun ga ana kai hari cikin awa 72 da fitar faci, sabuwar na'urar SAP da aka ɗora a intanet ba kariya kuwa ba ta kai awa 3 ba aka gano ta.

Kwana 32 ɗin nan ma na kamfanonin da ke da ma'aikata da kuɗi ne, kuma na'urorin ofis ake magana. A filin aiki abin ya fi haka nisa. Ba a kashe injin gurza a tsakiyar Janairu don a sabunta manhaja. Wani lokaci kamfanin da ya sayar da injin ya gindaya sharaɗi cewa in an taɓa kwamfutarsa garanti ya faɗi. Wani lokaci manhajar ba ta tashi sai a kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa faci tun 14 ga Janairun 2020, ko ma XP da aka sallama a 2014. In kuma manhajar ta bayan fage ce, wadda wani yaro ya ɗora daga filash a kan 'yan dubbai, ita da faci sai a lahira.

Tarihi ya riga ya nuna farashin jinkiri. Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka ranar 14 ga Maris 2017. Ranar 12 ga Mayu ƙwayar WannaCry ta bi ta wannan ramin ta mamaye ƙasashe kusan 150, har Renault ta tsayar da aiki a wasu masana'antunta. Kwana 59 maganin na ajiye.

Masu cewa wa zai kula da mu a nan ƙarshen duniya suna ɗauka ɓarawo zama yake ya zaɓi gari. Na'ura ce ke zagaya adiresoshin intanet dare da rana tana taɓa kowace ƙofa, ba ta san Garwa ba, ba ta san Hambag ba. Masana'antu kuwa su ne abincinta. Kamfanin IBM ya ce shekara huɗu a jere su ke kan gaba a yawan hare-haren da ya bincika, da kashi 26 cikin 100 a 2024. Kamfanin Dragos ya ƙirga hare-haren garkuwa da bayanai 1,693 a kan kamfanonin masana'antu a wannan shekarar, ƙarin kashi 87 a kan ta baya. Dalilin a fili yake: wanda injinsa ke tsaye yana asara kowace awa, shi ya fi saurin biya. Mun ma ga ɗanɗano a gida. A ƙarshen Janairun 2024 aka kai hari kan na'urorin kamfanin wutar lantarki Eneo, masu mitar kati suka yi kwanaki suna fama kafin su iya sayen wuta.

In aka tsaya mako biyar

A ƙarshen Agustan 2025 aka shiga na'urorin Jaguar Land Rover a Ingila. Kamfanin da ke fitar da motoci kusan 1,000 a rana ya yi mako biyar bai ƙera ko ɗaya ba. Wata cibiyar sa ido ta Birtaniya ta ƙiyasta asarar a kan fam biliyan 1.9, ta ce kamfanoni kusan 5,000 abin ya shafa, yawancinsu ƙananan masu kawo kaya. A sefa ya haura biliyan 1,400, fiye da ninki ɗari na abin da ANTIC ta lissafa wa Kamaru duka a shekara guda. Gwamnati sai da ta tsaya wa kamfanin lamunin fam biliyan 1.5.

Kuɗin ba namu ba ne, amma makonni biyar ɗin za mu iya aunawa da mudunmu. Wannan lissafina ne, na kan takarda: a ɗauka tan 300,000 za a gurza cikin kwanakin aiki 150 na rani, daga ƙarshen shekara zuwa gab da faɗuwar damina. Tan 2,000 ke nan a rana. Tsayawar kwana 35 na nufin tan 70,000 jibge a kasuwannin ƙauye da harabar masana'anta, kusan rubu'in amfanin shekara. Mota in ba a ƙera ta yau ba, a ƙera ta wata mai zuwa. Auduga kuwa ruwan farko take tsoro, ga gobara, ga ƙura. Manomin da ya kai kayansa yana jiran a cire bashin taki a ba shi saura, kuma lissafin bashin yana cikin na'urar da aka kulle. Direbobin da ke kai diloli Ngaundare don jirgin ƙasa ya wuce da su Duwala suna zaune a inuwar motocinsu. Matsar mai ta rasa angurya, masu kiwo su rasa abincin shanu a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Su ne kamfanoni 5,000 namu, sai dai ba mai tsaya musu lamuni.

Na taɓa shiga ɗakin sikeli na wata ƙaramar masana'antar sarrafa hatsi, ba sai na faɗi sunanta ba. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, fanka na juya iska mai ɗumi. Kwamfutar da ke karɓar nauyin motoci tana kan tebur, ƙura ta yi mata rawani. A gefen allonta an manna takarda da salatif, an rubuta kalmar sirri da jan biro, shekarar da aka kafa kamfanin ce. A bayanta wayar wani direba ce ke caji, ga kuma ɗan modem yana ƙyafta koren ido. Na tambayi dattijon da ke riƙe da ɗakin na mene ne. Ya ce, "Na injiniya ne, ɗana. Daga Duwala yake shiga ya gyara in ta rikice." Na ce, "Baba, in ya gama ana cirewa?" Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ana cire ƙofa in baƙo ya tafi. "Tun da aka saka ba wanda ya taɓa shi."

Babu ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan da ke cikin dubu 40 ɗin can, kuma kowanne ya isa. Verizon ya ce kashi 22 cikin 100 na kutse da kalmar sirrin da aka sace ake farawa, kashi 20 ta ɓarakar manhaja, hannun wani na waje kamar ɗan kwangila ko mai kawo manhaja kuma ya tashi daga kashi 15 zuwa 30 cikin shekara guda. Bututun man Colonial na Amurka kalmar sirri ɗaya ce ta tsohon asusu ta tsayar da shi a Mayun 2021, aka biya dala miliyan 4.4. A Nuwambar 2023 an shiga otomat ɗin Unitronics a tashoshin ruwa na Amurka saboda an bar su da lambar da suka zo da ita daga kamfani, 1111. Stuxnet kuwa, wadda ta lalata injunan nukiliyar Iran aka gano ta a 2010, an ƙera ta ne ta yadda za ta bi filash ta isa inda intanet ba ya zuwa.

Abin da za a iya yi da abin da ke hannu

Tunda ba a iya yin faci cikin kwana 5, sai a sa ɓarawo ya kasa isa inda ramin yake. Magabatanmu sun riga sun zana tsarin a ginin gida: baƙo iyakarsa zaure, aboki ya kai shigifa, cikin gida sai muharrami. Kwamfutar da ake buɗe wasiƙu da Facebook a kanta ba ta da dalilin ganin otomat. Layin ofis daban, na injuna daban, tsakaninsu ƙofa ɗaya mai gadi. Ƙa'idar IEC 62443 da injiniyoyi ke ambato, in ka tace ta, yawancinta wannan ne. ERP kada ta fuskanci intanet tsirara. Injiniyan Duwala ko na Turai ya shiga da sallama: a kunna masa in ya kira, a kashe in ya gama, kuma bayan kalmar sirri a nemi lamba ta biyu da ke zuwa wayarsa. Wanda ya saba tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ramukan filash na kwamfutar sikeli a toshe su, a saya wa direbobi soket na caji a waje. Wannan na ƙarshe bai kai kuɗin buhun masara ba.

Sai ajiyar kwafi, kuma a nan akwai labarin da ya kamata kowane ɗan arewacin Kamaru ya ji. A Yunin 2017 ƙwayar NotPetya ta fito ta cikin sabuntawar wata manhajar haraji ta Yukren mai suna M.E.Doc, ta shafe na'urorin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa. Sai da suka sake ɗora kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000 cikin kwana 10, asara ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Kundin da ke riƙe da sunaye da izinin duk ma'aikata yana da kwafi da yawa a faɗin duniya, amma duk a haɗe suke, duk suka tafi tare. Guda ɗaya ya tsira, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a lokacin harin. Mu da Lagdo ke ba mu ƙasa da megawat 72 ɗinta duk shekarar da ruwa ya ja baya, muna iya yin dariya mu ce delestaj, wato ɗauke wuta, ma yana da ranarsa. Amma abin da ya ceci Maersk bisa tsautsayi shi ake so a yi da gangan: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a cire shi daga layi a kulle a wani gini. Ajiya a intanet kaɗai ba ta wadatar ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da suka ji a jikinsu. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba kuma, zato ne kawai. A ware rana, a ɗauki kwamfuta fanko, a dawo da komai, a duba agogo. Awannin da aka ƙirga su ne adadin da shugaban kamfani ya kamata ya sani da ka.

Norsk Hydro, kamfanin alminiyom na Norway mai ma'aikata 35,000 a lokacin, ya ƙi biyan fansa a Maris 2019. Ya koma biro da takarda, har tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya suka dawo suna nuna wa yara yadda ake tafiyar da inji da hannu. Ya yi asarar kusan dala miliyan 70, amma narkar da ƙarfe ba ta tsaya ba. A wannan fanni arewa na da abin da Turai ta yi sakaci da shi: har yanzu akwai magatakardan da suka yi awon auduga da littafi mai kalo uku, akwai ƙungiyoyin manoma da ke riƙe da nasu rajistar bashi a ƙauye. Duk mai shirin mayar da komai cikin waya da kwamfuta ya bar littafin a aljihun tebur, a riƙa buga jerin bashi a takarda kowane mako lokacin kaka. Ba ci baya ba ne. Verizon ya ce kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka yi garkuwa da bayanansu ba su biya ba, kuma mai iya cewa a'a shi ne wanda ke da wani abu a hannu.

Doka ma ta tanadi nata. Dokar tsaron intanet mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta wajabta binciken tsaro a kan na'urorin sadarwa, ta 23 ga Disamba 2024 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su, sunayen manoma da lambobin wayarsu na ciki. Rahoton mai bincike zai zo da ɗaruruwan ɓaraka a jere, ja da ruwan ɗorawa da kore. A karanta shi da tambaya biyu: wacce ake iya taɓawa daga waje, wacce ke jerin CISA.

Sauran, masu buƙatar a kashe inji, suna da lokacinsu. Masana'antar auduga tana da abin da mai ƙera mota ba shi da shi, wato watannin damina, lokacin da ake kwance injunan gurza a canza zarto da bel a zuba man giris. A jadawalin wannan gyara ya kamata facin otomat da na kwamfutar sikeli su samu layi, da sunan mai yi da ranar gwaji. SAP da Microsoft duk Talata ta biyu ta wata suke fitar da nasu. Windows 10 ta bi sahun Windows 7 da XP tun 14 ga Oktoban 2025. Tsohuwar SAP ECC kuma kulawarta ta yau da kullum za ta ƙare a ƙarshen 2027, a daidai makonnin da motocin farko na sabuwar auduga ke hawa sikeli.